Alayyahun Auta

Al'amarin ya fara ne ranar da likitan yara ya ja fatar idon Auta, ya leƙa, ya ce jininta ya yi ƙasa. Umma tana tsaye a gefen gadon gwaji da farar rigar aikinta, domin a asibitin take aiki, a ɗakin ba da magani da ke ƙarshen baranda. Kullum ita ce ke leƙowa ta 'yar taga tana miƙa kwalaben maganin ƙarin jini, tana yi wa iyaye nasiha su riƙa ba 'ya'yansu ganye. Yau kuwa mai dokar barci ce ta ɓuge da gyangyaɗi.

"Ba abin tayar da hankali ba ne," in ji likitan, yana wanke hannu. "Amma kin fi ni sanin magani tallafi ne kawai, abinci ne zai riƙe ta. Ƙwai, wake, nama, ganye. In ta dawo gwaji muka tarar ba ta motsa ba, sai mu koma allura."

Auta, wadda tun shigowarsu take ƙirga fitilun silin kamar maganar ba ta shafe ta ba, tana jin kalmar allura ta diro daga gadon ta shige bayan uwarta.

Auta ita ce ƙarama a gidan, daga ita sai yayanta, wanda kowa ke kira Injiniya saboda babu rediyo ko agogon da ya tsira daga hannunsa. Shi duk abin da aka ajiye masa zai cinye ya nemi ƙari. Ita kuwa abincinta bai wuce farar shinkafa da mai, da burodi, da shayi ba. In ta ga ɗigon kore a faranti sai ta sa bakin cokali ta tura shi gefe, ɗaya bayan ɗaya, har ta kewaye farantin da su kamar shinge. Ƙwai da wake tana ɗan taɓawa in an yi sa'a. Maganin ƙarin jinin kuwa, duk lokacin da ta haɗiya sai ya dawo.

Umma ta daɗe tana juya abin a ranta a hanyar dawowa daga aiki, a cikin motar haya, jakarta a cinya. Daga ƙarshe ta yi dabarar da take jin abokan aikinta suna yi. Sai ta tsinko alayyahu daga lambun surukarta, ta wanke, ta jefa cikin injin markaɗe tare da tumatir da albasa, ta niƙa har ya ɓace, ta soya miyar har jan tumatir ya rufe komai. Ranar farko Auta ta sunkuya ta shinshina.

"Umma, da ganye a ciki?"

"Kina ganin ganye?"

"A'a. Amma akwai?"

"Babu," in ji Umma. Kalmar ta fito mata da sauƙi fiye da yadda ta zata. Da ta zo sallar la'asar ta daɗe zaune a kan darduma, tana gaya wa kanta cewa don lafiyar yarinya ne.

Haka aka yi ta tafiya har wata Lahadi da rana, lokacin da igiyar injin ta yi tartsatsi ana tsakiyar niƙa, ya tsaya cak. Abban yara mai gyaran wutar lantarki ne, sai dai kayan gidansa su ne na ƙarshe da yake taɓawa. Umma tana tsaye tana jijjiga injin tana kiransa, sai ga Auta ta shigo kicin neman ruwa. Idonta ya sauka a kan kofin injin, inda ganye ke manne a jiki, kore shar, rabi a niƙe rabi a tsaye. Ta dubi kofin, ta dubi tukunyar da ke kan wuta, sannan ta dubi uwarta.

"Ba kin ce babu ba?"

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma jira amsa ba. Ta juya ta fita, ruwan ma ba ta sha ba.

Daga ranar Auta ta daina karɓar komai daga hannun Umma. In Umma ta zuba mata abinci sai ta ɗauki cokalinta ta koma gefen Kaka, uwar Abbansu, ta ci daga farantinta. In Umma ta haɗa mata shayi sai ta kai wa yayanta ya kurɓa tukuna. Wata safiya Umma ta gan ta ta ɓare burodi gida biyu tana leƙa tsakiyarsa. Abba ya yi dariya har da buga tebur, amma Umma ta tashi ta shiga kicin ta tsaya gaban famfo tana wanke kofin da yake a wanke. Yarinyar da ta shayar, wadda ba ta barci sai ta riƙe mata kunne, ita ce yau ke binciken burodinta. Wannan ya fi maganar allura yi mata ciwo.

Kaka ta biyo ta kicin a hankali, tana dafa bango saboda gwiwa.

"'Yar nan, share idonki. Yaro ba ya riƙo, sai dai ba ya mantuwa da wuri. Bar ni da ita. Wanda ya shuka da hannunsa ba sai an roƙe shi ya ci ba."

Lambun Kaka yana bayan kicin, tsakanin tankin ruwa da katanga, fili ne da bai fi shimfiɗa tabarma huɗu ba. Akwai tumatir da aka ɗaure wa sanda, da albasa, da ɗan alayyahu, da 'yan kabeji, sai kejin zomon Injiniya a inuwar tankin. Kaka ta sa Abba ya kafta mata wani gefe, ta raba shi biyu da layin duwatsu, ta kira jikokinta ta zuba wa kowa irin alayyahu a tafin hannu, ƙanana baƙaƙe masu ƙyalli.

"Wannan ƙasa ce kika ba ni ko iri?" in ji Auta.

"Ke kika fi shi girma da kika zo duniya? Ai ke ma kamar ɓera kike, ba gashi ba kyau."

"Ke ma ba ki da haƙori."

"Na ci nama da nawa kafin su tafi. Ke da naki cike da baki kin tsaya a burodi." Kaka ta kama hannunta ta nuna mata yadda ake barbaɗawa. "Saurara. Waɗannan daga yau 'ya'yanki ne. Ke ce uwarsu. In sun ji ƙishi ke, in rana ta doke su ke. Uwar kirki ba ta barin kowa ya cutar mata da ɗa."

Umma tana jin su ta tagar kicin, ta yi murmushi, ta ce Allah ya sa a dace.

Auta ta ɗauki maganar da dukkan zuciyarta. Abba ya huhhuda mata gwangwanin madara da ƙusa, da shi take ban ruwa da safe kafin ta sa kayan makaranta, da yamma kuma tun kafin ta tuɓe su. Da tsiron ya fito ta kwanta rub da ciki tana kallonsa har Kaka ta ce za ta haɗiyi tururuwa. Da suka yi ganye huɗu-huɗu ta raɗa musu suna. Wadda ta fi tsawo ita ce Doguwa, akwai Mai Kunne saboda faɗin ganyenta, akwai Malalaci da ya kwanta a gefe ya ƙi tashi, sauran kuwa ta ce 'yan ajinsu ne. In ta dawo makaranta sai ta tsuguna ta ba su labarin wanda aka daka da wanda ya yi kuka. Ranar da aka yi iska mai ƙarfi ta ɗauki lemar Abba ta kafa musu, aka yi ta neman lema a gida.

Umma ta ga yarinyar tana shan rana, kumatunta sun ɗan yi haske, sai ranta ya fara kwanciya. Abinci dai har yanzu daga farantin Kaka ake ci, amma ta ce da sannu.

Da alayyahun ya isa yanka, Kaka ta fito da wuƙa da kwando wata yamma, ta kira Umma da Abba su zo su ga ranar nasara.

"Auta, zo ki yanko mana na miya."

Auta ta dubi wuƙar. Kafin kowa ya ankara ta sha gaban shukarta ta ware hannuwa biyu.

"Wa za a yanka?"

"Alayyahun mana. Ai don a ci aka shuka."

"Kaka, ba ke kika ce 'ya'yana ne ba? Ke kin cinye Abba da ya girma?"

Abba ya zauna a kan bokiti ya riƙe ciki. Kaka ta sauke wuƙar.

"Mama, an yi gudun gara an faɗa gidan zago," in ji Abba yana share hawaye. "Da ganye kawai ta ƙi, yanzu kin mai da shi ɗan'uwanta."

"Rufe min baki, kai da ka kasa gyara igiyar inji guda," in ji Kaka. Ta juya ga Umma murya ƙasa-ƙasa. "'Yar nan, na yi zaƙin baki ya wuce gona da iri. Ki gafarce ni."

Umma ma dariyar ta so ta yi, sai dai ranar komawa gwaji tana ta matsowa, kuma a wurin aiki duk lokacin da ta miƙa wa wata uwa kwalin allura sai ta tuna da siririn hannun Auta. Wata abokiyar aikinta, suna jera magunguna a kanta, ta ce mata ta riƙa tsinka kaɗan-kaɗan bayan yarinyar ta tafi makaranta, ta ina za ta sani? Umma ta ajiye kwalbar da ke hannunta. Ta san za a iya. Ta kuma san Auta tana sane da kowane ganye na Mai Kunne. Ta ce a'a, sau ɗaya ya isa.

Shi kuwa Injiniya bai raɗa wa nasa suna ba, ruwa ma sai an tuna masa. Abin da ya sani shi ne zomonsa na son alayyahu, don haka kullum sai ya bi ɓangarensa ya karya kawunan ya jefa a keji. Auta takan kira shi azzalumi, shi kuma ya ce da ita uwar ganye. Amma abin mamaki, nasa ɓangaren sai ƙara cika yake yi, gajeru, masu rassa, ganye sabo a kan sabo. Na Auta da ba a taɓa ba sai ya yi ta miƙewa sama, kara ya yi kauri, ganyen ƙasa ya fara rawaya yana zubewa. Doguwa ta fitar da fure a ka, tsutsa kuma ta samu tsofaffin ganye ta yi musu huji-huji.

Wata Asabar da hantsi Abba ya fito da kujera bayan gida yana yi wa Injiniya aski da inji, tawul a wuyan yaron. Kaka tana zaune a inuwar tanki da carbinta. Umma tana shanya kaya sai ta ji kuka, irin wanda ke fitowa daga can cikin ƙirji. Auta ce tsugune gaban Doguwa, ta tara ganyen da ya zube a siket ɗinta. Da ta ɗago ta ga uwarta sai ta miƙe.

"Ke ce! Ke kika zuba musu wani abu don su mutu ki dafa su!"

Injin askin ya tsaya. Abba ya ce, "Ke Auta, uwarki kike gaya wa haka?" Umma ta ɗaga masa hannu. Ta ajiye rigar da take matsewa, ta zo ta durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa har fuskarta ta yi daidai da ta yarinyar. Rantsuwa ta zo mata baki, ta mai da ita. Ba ta saba rantsuwa ba, kuma ta ga babu amfanin jingina sunan Allah a kan maganar da ita ce ta rage mata nauyi da kanta.

"Ban taɓa su ba, Auta. Na san in na faɗa ba lallai ki yarda ba, don haka kada ki tsaya a maganata. Je ki duba na yayanki da idonki. Duba inda ya karya."

Auta ta ja majina, ta tsallaka layin duwatsu. Ta kama wani kara da aka karya wa kai, ta leƙa. A ƙarƙashin wurin da ya bushe, rassa biyu ne suka fito, ɗaya dama ɗaya hagu, da ganye masu laushi. Ta duba na kusa da shi, haka. Ta duba na gaba, haka.

"Yaya, me kake ba su?"

"Ba na ba su komai," in ji Injiniya daga kan kujera, rabin kansa a aske. "Aski nake musu. Naki ne kika bari suka zama mahaukata."

"Kin ga kan nan?" Abba ya dafa ƙeyar yaron. "Tun yana goye nake aske shi, har yau bai ƙare ba. Da na bar shi, da yanzu ƙwarƙwata ta yi unguwa a ciki."

Auta ba ta yi dariya ba. Ta dawo gaban Umma, ta tsaya nesa kaɗan.

"Yana yi musu zafi?"

Amsa mai daɗi tana nan kusa, Umma ta bar ta ta wuce.

"A iya abin da na karanta, ba su jin zafi irin namu. Abin da ke cikinsu duka, Wanda ya halicce su ne ya sani. Abin da na tabbatar shi ne wanda aka rage wa kai yana sake tohowa, wanda aka bari yana tsufa da wuri."

"In na yi wa Doguwa aski za ta warke?"

"A'a. Doguwa ta riga ta tsufa, ba za ta dawo yadda take ba. Ki bar ta ta gama furenta, za ta ba ki iri cike da hannu ki sake shukawa. Mai Kunne da Malalaci da 'yan ajinsu, in kin yi yau, ina sa rai za su toho."

Auta ta dubi Doguwa. Ta daɗe tana kallon fuskar uwarta, kamar yadda ta leƙa tsakiyar burodi ran nan. Umma ba ta kau da ido ba.

"Ba da wuƙa ba," in ji Auta daga ƙarshe. "Da almakashi. Kuma ni zan yi."

Kaka ta aika aka ɗauko almakashin ɗinkinta, wanda ba ta taɓa bari wani jika ya riƙe ba. Auta ta fara da Malalaci, ta ce masa ya zauna daidai kada ya motsa. Umma tana nuna mata da yatsa inda za ta yanka, ba ta taɓa ganyen ba. Kafin a jima kwandon ya cika.

"Kawo in kai wa zomo," in ji Injiniya.

"Zomonka ba zai ci nawa ba."

"To a zuba a shara," in ji Kaka, tana kallon carbinta.

"Shara? Duk ruwan da na ba su?"

"Ni ma ban so ba, almubazzaranci ne. Amma zomo a'a, shara a'a, tukunya a'a. Sai ki saka a filo ki kwana a kai."

Auta ta rungume kwandon ta yi tunani. Sannan ta wuce kowa ta nufi ƙofar kicin, ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Umma, zo. Amma ina kallo."

Ta ja kujera ta hau kusa da murhu. Ita ta wanke ganyen a roba, ita ta tsittsinka da hannu. Duk abin da Umma za ta sa a kasko sai ta ɗaga ta nuna mata tukuna: wannan mai ne, wannan albasa, wannan gishiri, wannan ƙwai. Da aka zuba alayyahun ya yi laushi ya ragu, Auta ta zaro ido ta ce wa ya kwashe, Umma ta ce babu wanda ya kwashe, haka yake yi in ya ji wuta, ta matsa gefe don yarinyar ta leƙa da kyau.

A tebur kowa ya yi kamar yana harkar gabansa. Abba ya duƙufa a kan igiyar injin markaɗe da sukudireba. Auta ta dubi farantin, kore a fili ba a ɓoye ba.

"Da daɗi?"

"Ni yana yi min daɗi. Ke na farko ba lallai ya yi miki ba, yana da ɗan bauri."

Auta ta ɗebi kaɗan a bakin cokali ta kai baki. Ta yamutsa fuska har idonta ya rufe, ta haɗiye da ƙyar.

"Babu daɗi."

"Ai na gaya miki."

"Kin gaya min," in ji Auta. Ta jujjuya cokalin. Can sai ta tura shi gaban uwarta, ta matso da kujerarta har gwiwarsu ta haɗu. "Ke ba ni. Ki haɗa da ƙwai da yawa."

Umma ta ɗauki cokalin ta yi bisimilla a hankali. Loma uku Auta ta karɓa, a ta huɗu ta kau da kai ta ce ya isa, Umma kuwa ba ta matsa ba. Kaka ta ce da loma uku za a yi jini, da sauro ya zama attajiri, Auta ta ce ita dai tana da haƙoran taunawa. Ta sauka da gudu ta koma lambu ta ga ko sun fara tohowa.

Abba ya sa igiyar a soket, injin ya yi ƙara ya tashi.

"Ga shi na gyara miki. In an yi dabara gobe sai a ƙara mata a miya, loma uku ba za ta kai mu ranar gwaji ba."

Umma ta tattara farantin. Ta tagar kicin tana hango Auta tsugune gaban Mai Kunne, tana yi mata bayani da hannu.

"A bar shi don tumatir," ta ce. "Ganye daga yau a fili zai zo mata, ta ci abin da za ta iya. In likita ya ce allura, zan gaya mata tun a gida, in riƙe ta da kaina."